Ƙafar Da Ta Fi Girma

Zuwa ga Mai Allura,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da marasa lafiyar da kike ɗawainiya da su. Ya ciwon bayan nan? Kin dai daina tura gado ke kaɗai kamar yadda kika yi min alkawari? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Wata takwas ke nan da aka tura ki wancan asibitin, amma har yau in na haɗa shayi kofi uku nake saukowa da su.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kin san ni da waya. In na ji muryarki sai in tsaya tambayar ko kin ci abinci, kafin in zo kan magana an kira ki ɗakin haihuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun nan tun da ya karye bai ƙara shiri da biro ba.

Sakamakon jarrabawar shiga manyan makarantu ya fito. Auta ta kawo min takardar shago, ta ajiye kusa da gwangwanin gam kamar rasit, ta wuce ciki. Da na sa tabarau na duba sai da na zauna. A cikin kowaɗanne yara ɗari da suka zauna jarrabawar, biyu ne kacal suka fi ta. Wannan Autar tamu dai, wadda katin sakamakonta na makaranta kullum C ne a jere kamar ƙugiyoyin rataye riga, har a lissafi.

Jiya muka je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara kan zaɓen makaranta. Ɗakinta ɗan ƙarami ne a ƙarƙashin matakala, duk wanda ya hau sama sai biron da ke kan teburinta ya motsa. Ta shimfiɗa takardun biyu gefe da gefe, ta ce shekararta goma sha ɗaya a wannan kujera, ba kasafai take ganin takardun yaro ɗaya suna ƙaryata juna haka ba.

Ga yadda abin yake, don ki gane da kyau. Fom ɗin guri biyar ne, ana jera makarantu daga wadda aka fi so. In ta farko ta ɗauki yaro, magana ta ƙare, sauran huɗun sun faɗi. Wasu makarantun katin makaranta suke bi, waɗannan ba za su kalli Auta ba. Wasu kuma sun fi ba jarrabawa nauyi. A cikinsu akwai babbar jami'ar nan mai koyar da aikin injiniya, tafiyar awa tara a mota, wadda malamar ta ce wataƙila su ɗauke ta, wataƙila su ƙi. Akwai uku matsakaita. Sai kwalejin nan ta bayan tashar mota, wadda ta ce ko yau aka kai musu wannan maki da hannu biyu za su karɓa. Za a rufe karɓar fom ƙarshen wata.

Ba a ma tambayi Auta ba ta ce ta bayan tasha take so a farko. Malamar ta dube ta ta saman tabarau, ta ce, “Kin san in kika sa ta a farko, sauran ado ne kawai?” Ta ce ta sani.

Ni kam na ji daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa za ta yi. Gara ta shiga inda ake son ta, da ta je a rufe mata ƙofa ta dawo tana ɓoye ido. Kuma za ta riƙa kwana a gida.

Shago yana nan yadda kika bar shi. Direban nan da ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu girma ya aiko a yi masa sabon takalmi, ya ce zai zo a sake auna shi.

Ki kula da kanki. Auta tana gaishe ki.

Naki har kullum,
Baduku

*

Zuwa ga Mai Allura,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ta iso, kuma na sha allurar. Layi huɗu kika rubuta, uku faɗa ne. Kika ce yarinyar da tun tana aji uku take tsayar da mu a kan gada don ta leƙa yadda aka ɗaure ƙarafan, ba ita ce za ta zaɓi bayan tasha da zuciya ɗaya ba. Kika ce in sake tambayarta. Na tambaye ta sau biyu, ta ba ni amsa ɗaya, har da dariya.

Ranar Talata muka je muka ga kwalejin. Ba laifi, wallahi. Akwai tsafta, akwai bishiyoyi, mai gadin ma tsohon kwastomana ne. Wani malami ya zaga da mu, ina ta yabawa kamar ni zan shiga. Auta kuwa abu ɗaya ta tambaya: ƙarfe nawa ake fara darasin farko. Da ya ce ƙarfe goma, sai ta ce ya yi. A lokacin na ɗauka son barci ne irin na yaran yanzu.

Washegari ina neman takardar awon wani takalmi a aljihun tebur, sai na ga an yanka sabbin takardun awo da wata takarda mai sheƙi. Da na juya bayan ɗaya sai ga rabin hoton gini da matasa riƙe da littattafai. Ashe ɗan littafin talla na babbar jami'ar ne, wanda malamar ta ba ta, ta bi shi da almakashi ta mai da shi lamba arba'in da biyu. Na ce to, wannan ai ta gama nuna ba ta so. Sai da na ɗaga allon yanka zan share ƙarƙashinsa na ga shafi ɗaya da ba ta taɓa ba, a shimfiɗe, ko lanƙwasa babu. Hoton wata doguwar gada ne, da sunayen darussan da ake koyarwa a gefe. Na mayar da shi yadda na gan shi.

Yau da hantsi malamar ta aiko in zo ni kaɗai. Ta ce a fom ɗin babbar jami'ar akwai wani guri da ake bayyana dalili in sakamakon makaranta bai kai na jarrabawa ba, kuma Auta ta ƙi rubuta ko harafi ɗaya. Sai ta jawo rajistar kiran suna ta shekara biyu ta buɗe min. Darasin farko, ƙarfe takwas, lissafi ne kwana huɗu a mako. Layin Auta ja ne daga sama har ƙasa. Ba ta nan, ba ta nan, ba ta nan. Gwaje-gwajen da ake yi a aji da safe duk sun wuce ta, daga nan C ɗin ya fito. Malamar ta ce sun aiko min takarda har sau uku. Ta tambaye ni a hankali, “Baba, ina take zuwa da safe?”

Mai Allura, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni na san inda take zuwa. Ke lokacin kina aikin safe, ƙarfe shida kin fita, ba ki sani ba. Tun da na faɗi da babur hannun nan ya karye, kin san da safe ba ya rufuwa a kan wuƙa. Ɗinki ina yi, amma yankan fata ya gagare ni. Auta ta ce min darasin farko na motsa jiki ne, ba a ba da maki, za ta riƙa yanka min na yini kafin ta tafi. Na yarda. Shekara biyu ban taɓa tambayar kaina wace irin makaranta ce ake motsa jiki kullum da safe ba. Ban tambaya ba don amsar ba za ta yi min daɗi ba, gaskiyar ke nan.

Na sunkuyar da kai a gaban malamar. Takalminta kawai nake kallo, dunduniyar hagu ta cinye. Na ce ta aiko da shi a gyara mata, na tashi na fito.

Ki yafe min. Zan sake rubutowa in na san abin da zan yi.

Naki,
Baduku

*

Zuwa ga Mai Allura,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da ba ki ƙara min gishiri a ciwo ba. Da kika kira a waya kika ce, “Mu biyu ne ba mu gani ba,” sai da na juya wa titi baya kada masu wucewa su ga fuskata. Ya aikin? An ƙaro muku ma'aikatan da aka ce za a ƙaro?

Kwana biyu na yi ina juya maganar ban furta ba. Kuma kada ki ɗauka nan take na zama mutumin kirki. Ko bayan na ga rajistar, wata zuciyar tana ce min abin da ya wuce ya wuce, kwalejin bayan tasha ma ai makaranta ce, ƙarfe goma ake shiga.

Ranar Asabar direban nan ya zo awo. Ina zaune kan keken ɗinki, Auta ta shimfiɗa masa takarda ta zagaye ƙafafunsa biyu da fensir. Sai ya fara ƙorafin da ya saba, wai a yi masa daidai da ta hagun, don ba ya son takalmi ya yi masa girma kamar kwalekwale. Auta ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, “Kawu, a shagon nan da ƙafar da ta fi girma ake yanka. Ƙaramar ana yi mata ciko. Babbar kuwa in aka matse ta, ɗingishi za ka yi ta yi har takalmin ya mutu.”

Maganata ce, kalma da kalma. Ni ma haka maigidan da ya koya min sana'a ya faɗa min ina ɗan shekara sha biyar, kuma na faɗa wa mutum ya fi dubu. Ga takardun 'yata biyu a aljihun rigata, ɗaya ta fi ɗaya, ni kuma na duƙufa ina yanka mata da ƙaramar. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

Da direban ya tafi na ce ta jawo kujera. Na ce na ga rajista. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma yi kuka ba, sai ta hau tattara guntayen fata tana jerawa. Na tambaye ta takardun da makaranta ta aiko min, ta ce suna cikin takardun awo, lamba talatin da tara. Ka ji 'yar banza. Na so in yi faɗa, dariya ta ƙwace min.

Na ce a sa babbar jami'ar a farko, matsakaitan su biyo baya, ta bayan tasha ta zama ta biyar. Ta ce a'a. Na ce ko tsoro take ji kada su ƙi ta? Ta ce ita ba wannan ne tsoronta ba, tsoronta su ɗauke ta. Ta ce, “Baba, wa zai yanka maka? Kai ba ka yarda wani ya taɓa maka fata, kuma in ka rufe shagon nan ba za ka yi shekara ba.” Irin kallonki ta yi min, wanda kike yi wa mara lafiyar da ya ce ya sha magani alhali yana ƙarƙashin matashi.

Na ga rantsuwa ba za ta yi aiki a kanta ba, don ta san hannun ya fi ni gaskiya. Sai na ce ta ba ni kwana goma. Zan yi mata takalmi tun daga yanka har goge, ni kaɗai, ita kuma ƙarfe takwas ta yi mata a aji. In ya yi, a bi tsarina. In bai yi ba, a bi nata. Ta ce ta yarda, da sharaɗin ita za ta duba aikin, kuma yadda nake duba nata za ta duba, ba sani ba sabo.

Yau kwana shida. Kullum da safe ina jiƙa hannun a ruwan ɗumi ina matsa ƙwallon robar nan da kika saya min, wadda na ce miki ta ɓata. Tana bayan akwatin ƙusoshi, ba sai kin ce komai ba. Na naɗe ƙotar wuƙar da fata har ta yi kauri yadda yatsun za su iya kamawa, kuma na koyi ja daga kafaɗa maimakon wuyan hannu. Na lalatar da fatar da za ta isa takalmi uku. Maƙwabcina tela ya leƙo ya ga ina gumi, ya ce in kawo ya yanka min da almakashinsa, ba mai ji ba mai gani. Na ce masa wannan yarinyar ko da ido rufe ta san yankana.

Ciwo kam akwai. Amma jiya na fitar da gaban ƙafar dama a ja ɗaya, ban tsaya ba.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Baduku

*

Zuwa ga Mai Allura,

Gaisuwa a gurguje, mai kai saƙon yana jira a bakin ƙofa. Ina fatan kina lafiya.

An yi dubawa. Ta zauna a kujerata, ni ina tsaye kamar ɗan koyo. Ta juya takalmin, ta lanƙwasa, ta sa yatsa ciki ta bi ɗinkin, ta ɗaga shi wajen haske. Ta daɗe a kan na hagu, inda wuƙa ta ɗan zame min a gefe. Ta ce, “Da ni na yi wannan, da ka ce in sake.” Na ce haka ne. Sai ta cire silifas ɗinta ta sa, ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta ce ai ya ɗan yi mata yawa a gaba. Na ce da gangan ne, guri na bari.

Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Da shi a ƙafarta muka tafi wurin malamar, ta jera makarantun da hannunta, babbar a sama.

Gurin bayanin nan ma ta cike, bayan ta nemi izinina, wai kada a ga kamar ta tona min asiri. Malamar ta so ta yi dogon bayani mai taɓa zuciya, ta ƙi. Na kwafo miki abin da ta rubuta: “Shekara biyu ina yankan fata da safe a shagon babana saboda hannunsa ya karye. Ba wanda ya sa ni. A can na gano yadda zan jera awo in fitar da takalmi tara daga fatar da ake fitar da takwas.” Malamar ta karanta sau biyu, ta ce kada a ƙara ko waƙafi.

Ni ban ma san da maganar taran ba. Na ɗauka fatar ce ta ƙara faɗi.

Yanzu sai jira. In sun ƙi ta, akwai na tsakiya, kuma ba za mu mutu ba.

Naki,
Baduku

*

Zuwa ga Mai Allura,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin koma lafiya. Kwana biyun da suka ba ki ki zo gida sun yi kaɗan, amma ko ba komai ke kika shirya mata akwati, da ni ne da rabi guduma ce da zare.

Na san kina son ki ji yadda tafiyar ta kasance. Jiya da safe na raka ta tasha. Takalmin nan ta sa, duk da kin saya mata sabo na kanti. Muka wuce ta gaban kwalejin, mai gadi ya ɗaga mana hannu. Ta yi ta ba ni umarni har mota ta cika: ruwan ɗumi kafin wuƙa, kada in karɓi aikin da ya fi biyar a mako, in riƙa cin abincin rana. Na ce to, to, kamar yaro. Ban yi kuka a gabanta ba, kin ci bashin yabona a nan.

Akwai abin da ban gaya miki ba. Tun da takardar ɗaukarta a babbar jami'ar ta zo nake zargin za ta yi min wayo. Na san halinta. Na ce lallai a ɓoye take yanka min fata tana tarawa a babban aljihun tebur, na wata biyu ko uku, don kada in sha wuya. Na ƙi buɗe aljihun don kada in kunyata ta. Har na shirya faɗan da zan yi mata a waya. Kuma in gaya miki gaskiya, wani gefen zuciyata yana fatan hakan, don hannun bai gama warkewa ba.

Da na dawo daga tasha na buɗe shago, na zauna, na jawo aljihun. Babu komai a ciki sai takardun awo. Fatar tana can kan kantar shago a naɗe, cikakkiya, ko kusurwa ba a taɓa ba. A kanta ta ɗora wuƙata, ta wasa ta har tana ɗaukar ido.

Ba ta yanka min ko ɗaya ba, Mai Allura. Ta yarda da ni.

A nan ne kukan da na hana kaina a tasha ya zo, har tela ya leƙo ya koma. Da na gama na ɗora ruwa a wuta, na jiƙa hannun, na shimfiɗa fatar. Na gwada jera awon yadda take yi, takwas na samu. In ta kira zan tambaye ta inda na taran yake shiga.

Ki kula min da bayan nan. Saura wata biyu ki dawo, kofinki yana nan a wanke.

Naki har kullum,
Baduku